Yadda Ƙwaro Ya Leƙa Aljihun Lifta

A hawa na uku na wani dogon bene mai shaguna a ƙasa da ofisoshi a sama, akwai wani ƙaramin kamfani da ke ƙera 'yan kwamfutoci, kowace ba ta fi tafin hannu ba, irin waɗanda ake cusawa cikin injuna su riƙa juya su. A cikin ma'aikatan akwai wani mai tumbi, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, wanda kowa ke kira Ƙwaro. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ya kama aiki, wai don babu ƙwaro irinsa a harkar kwamfuta. Abokan aikinsa suka karɓi sunan hannu bibbiyu, domin a sana'arsu ƙwaro shi ne kuskuren da ke ɓuya cikin manhaja ya hana kowa sakat.

Kamfanin ya ƙera sabuwar na'ura, kuma duk tinƙahonta yana cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafi. Furosesan yana da wasu dogayen aljifai da ma'aikata ke kira rajistocin bekta. A cikinsu yake zuba lambobi jingim ya lissafa su a tashi ɗaya, shi ya sa hoto da zane ba sa ba shi wuya. A cikin kanel kuma, uwar manhajar da ke riƙe da duk sauran, akwai wata ƙofa ta masu gyara. Ta nan mutum ke tsayar da manhaja tana tsakiyar aiki, ya leƙa aljifanta, ya canja abin da ke ciki in ya ga dama, sannan ya sake ta. Ƙofar nan ce ba a gwada ba, ga masu saye suna tafe, kuma kowa ya san in cinikin ya wargaje, sai dai kowa ya ɗauki kofin shayinsa ya nemi wani aiki.

Shugabar kamfanin, mace marar yawan magana, ta duba ta ga duk hannaye a cike suke sai na Ƙwaro. Ta ja dogon numfashi ta kira shi.

"Ga allon gwaji can a kusurwa, na'urar da ba ta cikin injin kowa," in ji ta. "Ka tayar da 'yar manhajar wasa, wadda ba ta komai sai jira. Ka tsayar da ita, ka leƙa aljifanta, ka zuba lambobin da ka sani, ka karanta ka ga ko su ne. Sannan ka mayar mata da kayanta, ka sake ta. Maimaita abin da na ce."

"Ranki ya daɗe, ni za a ce wa maimaita? Ni da kanel ai nono ɗaya muka sha."

"Maimaita."

"In tsayar, in leƙa, in zuba, in karanta."

"Ka mayar, ka sake."

"Wannan ai ko jariri ya sani."

Shugaba ta sallame shi. Washegari ta yi tafiya don ta shirya zuwan baƙin.

Ƙwaro ya je kusurwa ya tsaya a kan allon gwaji, hannu a ƙugu. Ya ga 'yar manhajar wasa zaune ba ta komai, sai ya ji an raina shi. Ya faɗa wa duk wanda ke kusa cewa wannan kamar a gwada birki ne a motar da ke ajiye a gareji. Gwajin ƙwarai a kan manhaja mai gumi ake yin sa, wadda ke tsakiyar aiki. Ba wanda ya ɗaga kai, don an saba.

To, kamfanin ya ba wasu maƙwabta na ƙasa aron sabuwar na'urar don su ɗanɗana, kuma duk an haɗa su da ofis ta waya saboda gyara. Ɗaya tana cikin injin wanke hoto na Yaya, wan matar Ƙwaro, mai shagon hoto a bakin ƙofar shiga. Ɗaya tana cikin injin surfani na tela, a shagon da ke kallonsa. Ƙwaro ya fara da ta Yaya, don a ganinsa abin gida ne. Ya tsayar da manhajar hoto, ya leƙa aljifanta, ya cika su maƙil da lamba bakwai, wai lamba ce mai kwarjini. Ya karanta, ya ga bakwai. Allonsa ya rubuta YA CI da koren rubutu. Daɗi ya kama shi, ya saita gwajin ya riƙa maimaita kansa ba tsayawa, ya miƙe ya tafi haɗa shayi.

Bai shanye ba sai ga Yaya ya hawo yana haki, bayansa wani dattijon direba da ya zo ɗaukar hoton lasisi. Yaya ya baza hotuna a kan teburin Ƙwaro. A na farko, wani layi ruwan hoda ya ratsa idanun direba, kamar wanda 'yan sanda ke ɓoye wa fuska. A na biyu layin ya sauko baki. A na uku babu kan gaba ɗaya, daga wuya sai hula.

"Na'urarku ce," in ji Yaya.

Ƙwaro ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na ido, ya daɗe yana nazari. "Yaya, na'ura ba ta ƙarya. Abin da ta gani take fitarwa. Baba, ka yi motsi ne?"

"Ko numfashi ban yi ba," in ji direba.

"To ka ji matsalar. In mutum ya riƙe numfashi, jini yana taruwa a fuska, kyamara mai ƙarfi kuwa tana kamo shi."

"Kan nawa fa? Shi ma jinin ne ya tafi da shi?"

"Wannan sai likita."

Yaya ya tattara hotunansa ya ce in yamma ta yi abin bai gyaru ba, ƙanwarsa zai kira. Nan Ƙwaro ya ɗan nutsu, don a duniya ba ya shakkar kowa sai matarsa. Da suka fita ya zauna ya yi ta tunani, can sai ya tuna da kalmar nan ta Shugaba, ka mayar. Ya buga cinya ya sanar da ofis cewa ya gano wata dabara da bai taɓa jin wani ya yi ba: kafin ka zuba naka, ka kwashe na mai aljihu ka ajiye, in ka gama ka mayar masa.

Ya gyara gwajin. Kuma tunda yanzu abin ya zama lafiyayye, ya ga babu dalilin hana tela wannan alheri, sai ya haɗa da injin surfani. Abu ɗaya ya manta. Ma'ajiya ɗaya ya yi wa injunan biyu. Sai ya zamana in an kwashe na aljihun hoto, an juye shi a aljihun surfani, na surfani kuma ya koma na hoto. Allon Ƙwaro dai kore shar, YA CI, YA CI, har ya ɗauki hotonsa da waya ya tura wa Shugaba.

Ranar tela yana kan wata babbar kwangila, rigunan ma'aikatan wani otal, kowace da tambarin otal a aljihun ƙirji. Ya jera su, ya kunna inji, ya shiga ciki yana guga. Da ya fito sai ya tarar babu tambari. A kan kowane aljihu injin ya zauna ya ɗinka kunne. Kunnen mutum, na hagu, da zare mai kyau, har da 'yar sumar da ke leƙowa daga ciki. Aljihun furosesa bai isa ya ɗauki fuska sukutum ba, sai ɗan yanki, kuma yankin da ya samu ke nan.

Tela ya ɗauki riga ɗaya ya tsallaka shagon Yaya don ya nuna masa abin mamaki, sai ya tarar da Yaya riƙe da nasa. Direban nan ya dawo an sake ɗauka. Wannan karon kansa ya fito lafiya, amma an ɗinke bakinsa da zare ruwan gwal, ɗinki mai lanƙwasa, a ƙarƙashin haɓarsa kuma an rubuta BARKA DA ZUWA. Direba ya kalli hoton, ya kalli rigar da ke hannun tela, ya kai hannu ya shafa kunnensa na hagu.

"Wannan nawa ne," ya ce a hankali.

Su ukun suka hawo tare. Ƙwaro ya hango su ta gilashin ƙofa, ya yi niyyar shiga banɗaki, amma tumbi ba ya sauri.

"Injiniya," in ji tela, "shekarata nawa ina ɗinki, ban taɓa ɗinka wa mutum kunne a ƙirji ba. Me zan ce wa masu otal?"

Ƙwaro ya karɓi rigar ya ɗaga ta a haske. "Maigida, ka dubi aikin nan da idon basira. Ka ce musu sabon tambari ne. Otal mai sauraron baƙinsa."

"Da kunnen wani?"

"Ba a tambaye ni ba ma," in ji direba.

"Baba, mutane nawa ne kunnensu ya taɓa shiga otal irin wannan? Kai ko ƙofar ba ka taka ba, ga kunnenka zai kwana a ciki kullum."

"Ni lasisi nake nema. Wa zai ba mai ɗinkakken baki lasisi?"

"Ai masu ba da lasisi sun fi son irinsa, ba ya gardama a hanya."

Yaya ya sa hannu a aljihu. Ya ciro waya a gaban kowa ya kira ƙanwarsa.

Da yamma Ƙwaro ya isa gida ya tarar da matarsa zaune a falo, ta kashe talabijin, wanda ba ƙaramar alama ba ce.

"Baban yara, me ka yi wa injin Yaya?"

"Bincike ne mai zurfi, ba za ki gane ba."

"Gwada ni."

Ya zauna ya yi mata bayanin aljifai da ƙofa da kanel, har da zane a bayan kwalin sabulu. Ta saurara har ƙarshe.

"Wato ka sa hannu a aljihun mutum yana tsakiyar aiki, ka kwashe kayansa, ka zuba masa na maƙwabcinsa."

"In an faɗe shi haka, ba ya daɗin ji."

"Ta yaya ake faɗarsa ya yi daɗi?"

Ya yi alkawarin zai cire hannunsa daga injunan biyu, kuma ya cika, don washegari da sassafe ya kashe gwajin. Amma abin ya tsaya masa a rai. Ranar ce baƙi za su zo, kuma ya riga ya faɗa wa masu gadi da mai share bene cewa shi ne zai yi bajintar da za ta sa a sa hannu a ciniki. Ba zai tsaya gaban manyan mutane ya nuna musu 'yar manhajar wasa tana jira ba.

Da hantsi Shugaba ta iso da baƙi. Babbarsu wata dattijuwa ce, shugabar injiniyoyin kamfanin da zai saya, 'yar siririya mai sanda, wadda ba ta ɓata kalma. Shugaba ta ja Ƙwaro gefe a harabar ƙasa.

"Na ga koren allonka. A allon gwaji ka yi?"

"Na yi abin da ya fi haka, ranki ya daɗe."

Kafin ta tambayi ma'anar wannan, aka kira ta a waya daga sama cewa majigi ya ƙi kamawa. Ta ce wa Ƙwaro ya hawo da dattijuwa a lifta saboda ƙafarta, ita da sauran baƙi za su bi matakala. Ta ƙara da cewa kada ya yi magana. Ya ce to.

Liftar benen ta gilashi ce, tana hawa a tsakiyar haraba inda duk mai shago ke ganinta. Ƙofa na rufewa Ƙwaro ya ga tambarin kamfaninsu a jikin maɓallan, sai ya tuna ashe ita ma da na'urarsu take aiki. Ya buɗe laftof a kan tumbinsa, wanda dama ya saba zama masa tebur.

"Mama, kin taɓa ganin an tsayar da lifta an leƙa aljihunta?"

"A'a, ɗana. Kuma ban roƙa ba."

"Yau za ki gani. Zan tsayar, in leƙa, in sake ta, ko girgiza ba za ki ji ba."

Ya danna. Lifta ta tsaya cak tsakanin ƙasa da hawa na ɗaya. Lambobi suka zubo a allo, Ƙwaro ya juya mata laftof yana murmushi har kunne.

"Kin gani? Cikinta ke nan. Ba kowa ke ganin wannan ba."

"Na gani. Sake ta."

Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Sai a lokacin ya lura da 'yar alamar da ke kusurwar allo. Tsakanin hawa da hawa babu sabis, kankare ya tare, kuma umarnin tsayawa ne na ƙarshe da ya samu fita. Ya ɗaga laftof sama. Ya tsuguna da ita ƙasa. Ya manna ta a gilashi ya ɗaga ƙafa ɗaya.

"Wannan ma cikin gwajin ne?" in ji dattijuwa.

"Sashe na biyu ke nan, Mama. Muna auna haƙurin na'ura."

"Na'ura ce kaɗai ake aunawa?"

A ƙasa mutane suka fara taruwa. Yaya ya fito daga shago, tela ya fito da almakashi a hannu, direba ma yana nan, don ya rantse ba zai bar benen ba sai da hoton da ke kama da shi. Mai kemis ya fito, masu gadi suka matso, masu wucewa a titi suka ga taro suka shigo. Duk aka ɗaga kai ana kallon wani mai tumbi a cikin akwatin gilashi yana tsaye da ƙafa ɗaya, yana miƙa laftof sama kamar mai shanya, da wata tsohuwa a kusurwa ta dogara da sanda.

Shugaba ta leƙo daga hawa na ɗaya, ta gane komai da kallo ɗaya. Ta ruga ofis don ta saki liftar daga can, sai ta tarar ƙofar masu gyara mutum ɗaya take karɓa a lokaci guda, kuma Ƙwaro na riƙe da ita. Ta dawo ta yi masa alama ta gilashi ya kashe laftof ɗin, don in ya kashe, ƙofar za ta kuɓuta. Ƙwaro ya ga tana jan yatsa a wuya, ya ɗauka cewa take ta kore shi daga aiki. Ya rungume laftof ya girgiza kai. Ta sake yi da ƙarfi. Ya ƙara ƙanƙamewa.

"Ina jin cewa take ka kashe," in ji dattijuwa.

"Mama, ba ki san ta ba. In na kashe, duk sakamakon gwaji ya tafi, da me zan kare kaina?"

Sai ya shiga yi mata bayani, don tsoro ba ya rufe masa baki, buɗe shi yake yi. Ya faro daga tarihin furosesa. Ya bi ta kan faɗin aljifai, da yadda ake ninka shi, da yadda shi da kansa ya taɓa hango wannan fasaha tun yana makaranta amma malamai suka yi masa hassada. Gilashi ya fara gumi. Dattijuwa ta zame ta zauna a ƙasa, ta ɗora goshi a kan sandarta.

Aka kira makanikin lifta. Ya zo ya duba ya ce ba zai kashe wuta da mutane a rataye ba, sai dai a ɓalle ƙofar ƙasa a zaro su ta 'yar tazarar da ke tsakanin gindin lifta da saman ƙofa. Aka kawo tsani, aka ɓalle. Tazarar ba ta fi a tura akwati ba. A daidai lokacin matar Ƙwaro ta iso, don Yaya ya sake kiranta. Ta ratsa taro ta tsaya gaba, ta harɗe hannuwa.

"A fara da tsohuwa," in ji makanike.

"A'a," in ji Ƙwaro daga ciki. "Ba a saka babbar baƙuwa a hanyar da ba a gwada ba. Ni ne mai gwaji."

Kafin a hana shi ya kwanta rub da ciki, ya turo ƙafafu waje. Ƙafafu suka fito, gwiwoyi suka fito, cinyoyi suka fito. Da aka zo tumbi, magana ta ƙare. Ya yi gaba ya ƙi, ya yi baya ya ƙi. Rabinsa na ƙasa yana lilo a sararin haraba, takalmi ɗaya ya faɗo a kan mai kemis. Rabinsa na sama yana ciki, fuska da fuska da dattijuwa, kuma ya toshe hanyar da ita za ta bi.

"Kamar yadda nake cewa, Mama," aka jiyo muryarsa ta gilashi, "faɗin aljihu shi ne komai."

Yaya ya hau tsani ya kama ƙafar dama. Tela ya hau kujera ya kama ta hagu. Direba ya tofa yawu a tafin hannu ya kama ƙugun Yaya, ya ce yau ko bai samu lasisi ba ya samu abin da ya fi shi. Makanike ya kawo man inji ya shafa a gefen tumbi. Suka dubi matar Ƙwaro, kamar masu neman izini.

"Ku bi a hankali da wandon, sabo ne," in ji ta. "Shi kuma yadda kuka ga dama."

Suka ja. Aka ji wani sauti kamar an zare murfin kwalba, sai ga Ƙwaro da Yaya da tela da direba a ƙasa, tsibi guda. Laftof ta biyo bayansa ta daki tayil ta mutu. Tana mutuwa ƙofar masu gyara ta kuɓuta, fitilun lifta suka kawo, makanike ya yi maza ya danna maɓallin tsaro don kada ta motsa da ƙofa a ɓalle.

Ƙwaro ya miƙe, mai na ɗiga daga rigarsa, tabarau ɗaya a wuya ɗaya a hannun wani. Ya buɗe baki zai yi wa taro jawabi, matarsa ta sa tafin hannu ta rufe shi, ta ja shi waje a haka.

Shugaba ta hau tsani da kanta, fuskarta kamar an yi mata rasuwa, ta leƙa ta tazarar.

"Ranki ya daɗe, ki gafarce mu. Miƙo hannu mu sauko da ke. Maganar ciniki kuma na san ta riga ta..."

"Ciniki sai na ga gwajin da aka yi a kan allon gwaji, da hannun wani," in ji dattijuwa, ba ta ko buɗe ido ba. "Ya tafi?"

"Ya tafi."

"To ku janye tsanin nan tukuna. Ku bar ni in ɗan ji shirun nan."